Mai Alkyabba a Ɗakin Jinya

Shekarar da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, wajen tsakiyar shekarun alif ɗari tara da casa'in, ita ce shekarar da Baba ya faɗi a kara, wato kasuwar shanu ta Tudun Wada. Dillalin shanu ne, mutum mai murya, in ya daka tsawa har bijimi yakan tsaya ya saurara. An ce yana tsakiyar ciniki sai kawai ya sulale ƙasa. Aka kai shi asibiti a Kano, suka ce hawan jini ne, daga baya aka dawo mana da shi ƙauye a kwance a bayan a-kori-kura. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, maganar nan tasa duk ta tafi. Abin da ya rage masa gurnani ne guda ɗaya mai kauri daga maƙogwaro. Da shi yake neman ruwa, da shi yake ƙin kunu, da shi yake amsa addu'a.

Jinya ta faɗo a kaina saboda ni ne mara abin yi. Yayana yana Legas yana sayar da agoguna, ƙannena suna gona, Inna kuwa ba za ta iya ɗaga ƙaton mutum irin Baba ba. Ni nake juya shi, in yi masa wanka, in murza masa man shanu a hannun da ya mutu, in ba shi kunu da ludayi. In na gama sai zama. Da can ma ni da Baba ba hira muke yi ba, shi ya faɗa, ni in ce to. Yanzu da mai faɗar ya yi shiru, sai muka zama mutum biyu a ɗaki ɗaya, kowa ya zuba wa ƙofa ido.

A farkon damina Yaya ya zo dubiya, ya ga yadda zama ya ramar da ni, ya tausaya mini. Ranar da zai koma ya ciro wani kwali daga jakarsa ya ce ga abin rage kaɗaici. Gem ne, irin wanda ake haɗawa da talabijin, da kaset guda ɗaya ruwan ɗorawa da ake cusa masa ta sama. Garinmu ba wuta, amma Baba yana da 'yar talabijin mai hoto fari da baƙi da yake kunnawa da batirin mota don jin labarai, ranar kasuwa a kai batirin Tudun Wada a yi masa caji. Wani mai gyaran rediyo ya ƙulla mana wayoyi, gem ɗin ma ya koma shan batirin. Tunda talabijin a ɗakin Baba take, ni kuma ba ni da ikon barin ɗakin, sai gem ya tare a can.

Yaya ya nuna mini abin riƙewar mai doguwar waya, wanda muke kira hannun gem. Hagu akwai madannin tafiya, dama akwai na tsalle da na naushi. A tsakiya kuma wasu ƙanana biyu, da ɗayansu ake fara wasa. Ya ɗora yatsa a kan madannin ya dube ni da idon gargaɗi.

"Wannan sau ɗaya ake danna shi, a farko. Ka kuskura ka sake dannawa ana cikin yi, ƙonewa zai yi, kuma ba mai gyara maka shi a nan."

Ko mai shagon ne ya faɗa masa haka, ko shi ya ƙirƙiro don kada in lalata masa kaya, ban taɓa tambayarsa ba. Na dai ɗauki maganar yadda ake ɗaukar maganar babba. Yatsana yakan zagaye ɗan madannin nan kamar ramin kunama.

A cikin kaset ɗin wani mutum ne mai rufaffiyar fuska, da mayafi a bayansa da ke tashi in ya yi gudu. Na sa masa suna Mai Alkyabba. Ba irin mutanenmu ba ne. Yakan yi tsallen da ya ninka tsawonsa, ya manne a bango, ya dira a kan wancan bangon, ya jefa ƙugiya ya yi lilo ta saman rami. Garinsu mai dogayen benaye ne, 'yan daba suna ɓullowa ta kowane lungu da sanduna da bindigogi, shi kaɗai yake bi ta kansu. Rai uku gare shi. In suka ƙare sai a mayar da kai titin farko, ko da ina ka kai.

Na so abin nan so mai tsanani, ba zan ɓoye ba. Akwai wani wuri da ake tsalle daga bango zuwa bango ana hawa sama, ƙasa kuma wuta tana ci. Ranar da na fara haye shi sai da na ji cikina ya tashi tare da mutumin, yadda yake yi in mota ta haye tudu da gudu. Na haddace lungunan garin nan fiye da hanyar gonarmu. Na san ta wace taga mai bindiga zai leƙo. Na san ƙaton da ke tsare ƙarshen titi yakan sunkuya kafin ya kawo hari, in ya sunkuya sai ka tsallake shi ka naushe shi a ƙeya. Babban yatsana ya yi kanta, kiɗan yakan bi ni har wurin alwala. Ni da ko katangar gidanmu ban taɓa hayewa ba sai na yage wando, ga ni ina yawo a saman benaye. Wuni nake ina warin man shanu da magani, amma da na riƙe wayar nan sai in manta.

Abin da ban sani ba shi ne me mutumin yake nema. In an gama wani yanki sai rubutu ya fito, ba boko ba, ba ajami ba, wasu zane-zane kamar sawun kaji. Inna ta leƙo wata rana da kwanon kunu, ta ɗan tsaya, ta ce ɓarawo ne. Ta ce duk duniya wa yake rufe fuska ya hau katangar mutane in ba ɓarawo ba? Na ce ai shi ne mai kama ɓarayin. Ta ce to ina kakinsa, kuma me ya sa in ya fasa akwati yake ɗauke abin da ke ciki? Gaskiya ne kuwa, yana ɗaukewa. Wani Bafulatani abokin Baba daga wajen Doguwa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce wannan gudun na wanda aka kore wa shanu ne, sawu yake bi. Na fi son tasa fassarar, sai dai ko ɗan maraƙi ban taɓa gani a garin ba. Haka na yi ta tura mutum gaba ban san mai gaskiya nake tayawa ko ɓarawo ba.

Wannan ruɗanin mai sauƙi ne, babban na Baba ne. Baba mutum ne da ya ɗauki wasa a matsayin cuta. Ya taɓa fasa mini ƙwallo da wuƙar yankan igiya, ko a jikinsa. Don haka da farko na karkatar da talabijin daga gadonsa, na rage sauti har sai na kasa kunne. Sai na lura in na waiga wuyansa a miƙe yake, yana leƙen gefen gilashin. Na ɗan juyo ta, ya yi gurnani. Na mayar, ya yi gurnani. Na durƙusa na tambaye shi ko in kashe, gurnani. Ko in bari, gurnanin dai. Na ce in yana so ya matsa hannuna, sai ya lumshe ido ya kawar da kai, kamar na yi tambayar da bai kamata ɗa ya yi wa ubansa ba. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. To fuskar Baba ta karkace, ɓari ɗaya kullum a fushi, ɗayan kamar zai yi dariya. Na bar talabijin a tsaka-tsaki, rabi gare ni, rabi gare shi.

Akwai wata doka da Baba ya dasa mana tun muna ƙanana, kuma da ranƙwashi ya dasa ta: ba a gaida babba da abu a hannu. Ko rake kake sha, ko fartanya ce, ko allo, ka ajiye, ka durƙusa da hannu biyu a sake, sannan ka buɗe baki. Kuma ƙarami ba ya yanke gaisuwa, babba ne yake ƙare ta. Shi kansa haka yake. Na sha ganinsa a kara, igiyar bijimi mai faɗa a hannunsa, wani dattijo ya doso, sai ya juya ga na kusa ya ce riƙe mini igiya, ya zube ya kwashi gaisuwa har a sallame shi. Yakan ce wanda ya gaida mutum da rabin hannu, da rabin zuciya ya gaishe shi.

To ɗakin mara lafiya kuwa ba ya rabuwa da 'yan dubiya, balle mutum irin Baba da ya yi wa rabin ƙasar nan cinikin shanu. Dillalai, mahauta, limamai, surukai daga Bebeji, Fulani daga rugagen Ɗansoshiya da ƙwaryar nono. Tunda Baba ba ya magana, ni ne bakinsa. Da na ji sallama yatsuna da kansu suke sakin hannun gem, in zube. Ina kwana, ina gajiya, ya ruwa, ya mai jiki, ya muka ji da jinya, Allah ya sa kaffara ne. Fulani su ƙara da tasu ta Fillanci, jam, jam, a tambayi shanu, a tambayi yara, in an kai ƙarshe a ɗan yi shiru a sake ɗaukowa daga farko. Ni ina durƙushe, bakina yana da sauƙi, da sauƙi, kunnena kuwa yana bayana. Ina jin ana jibgar Mai Alkyabba yana tsaye ƙiƙam bai rama ba, har ɗan kiɗan mutuwar ya tashi. Ya farfaɗo, a sake jibgarsa. Kafin baƙo ya kai ga Allah ya ƙara sauƙi, duk wahalar da na sha tun hantsi ta tafi a banza. 'Yan daban garin ba su kashe shi rabin kisan da gaisuwa ta yi masa ba, kuma Allah ya sani akwai dattawan da in na hango hularsu sai raina ya ɓaci.

Daidai lokacin da nake ajiye hannun gem ɗin ne kuma Baba yake yin gurnani mafi ƙarfi, na rasa yadda zan fassara shi. Wata rana in ce cewa yake in gaida mutane da kyau, don ya ga hankalina a rabe. Wata rana in ce haushi yake ji baƙi sun same ni ina shashanci a gabansa. Wata rana kuma in dubi idonsa in ga ba baƙon yake kallo ba, sai wani tunani ya zo mini da nake jin kunyarsa: ko dai mutumin da ake duka yake tausaya wa? Su baƙi ɗauka suke ciwo ne ya motsa, sai su ƙara tsawaita addu'a.

Yayan Baba, wanda muke kira Baffa, malamin allo ne a Badafi. Duk Alhamis, da yake ba karatu, yakan biyo motar haya ya kawo wa ƙanensa rubutun sha a kwalba. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda in ya yi maka faɗa sai ka gwammace duka. Ya ga gem ɗin, ya sake gani. Wata Alhamis da zai tafi ya kira ni zaure. Ya ce ɗakin mara lafiya wurin ambaton Allah ne, ba wurin kiɗa ba. Ya ce mutumin da ake kashewa yana tashi ana sake kashewa ba abin nuna wa wanda ke kwance tsakanin rai da mutuwa ba ne. Ina sunkuye ina shirya amsoshi a raina, sai ya ƙara da wannan.

"Ɗana, ka san da ubanka yana da baki, da abin nan bai kwana a gidan nan ba. Kana yi a gabansa ne saboda ba zai iya hana ka ba. Kana jin yadda yake gurnani kuwa?"

Ya ce Alhamis mai zuwa in mayar da shi kwalinsa, zai tafi da shi ya ajiye har Yaya ya zo. Na ce to. Na koma ɗaki ina tafasa. A raina na ce mutumin da yake zuwa sau ɗaya a mako da kwalba shi zai gaya mini abin da Baba yake so, ni da nake wanke shi? Amma can ƙasan fushin tsoro ne. In Baffa ya yi gaskiya, to wata da watanni ina azabtar da mahaifina a kan gadonsa, yana roƙona in daina ban gane ba. In kuma bai yi gaskiya ba, za a ɗauke wa mutumin da ya rasa kasuwa da murya da ƙafa abu ɗaya da ya rage yana bi da ido. Ban kuma yarda da kaina in yanke hukunci ba, don na san ɓangaren da nake so ya ci.

Makon nan na lulluɓe talabijin da ƙyallenta ban kunna ba, don in gani. Baba ya rage cin abinci, na ce shi ke nan, kewa ce. Inna ta taɓa goshinsa ta ce zazzaɓin damina ne, kuma da gaske jikinsa da zafi. Idonsa kullum yana wajen talabijin, amma ita talabijin a gefen ƙofa take, shi kuwa dama ƙofa yake kallo tun kafin gem ya zo. Na tambayi Inna, ita da ta zauna da shi tun kafin a haife ni. Ta ce ita tun yana da baki ma ba ta cika sanin abin da yake so ba, sai dai abin da ba ya so. Na fito daga makon a ruɗe fiye da yadda na shiga.

Ranar Alhamis aka tashi da ruwa, irin mai yayyafin nan da ba ya ɗaukewa. Na ɗauko kwalin na ajiye a bakin ƙofa. Sai na tuna batir a cike yake tunda ba a taɓa shi ba, na ce bari in yi sallama da mutumina. Rufin kwanon ɗakin yana yoyo daidai inda nake zama, don haka na tara tasa a wurin, na hau bakin gadon Baba, abin da ba na yi sai in zan ba shi abinci. Daga nan ba na ganin hoto sosai, dole na juyo talabijin gaba ɗaya ta fuskanci gadon.

Ruwa ya tsare 'yan dubiya a gidajensu, ranar na ga wuraren da ban taɓa gani ba. Na wuce titi, na wuce bangayen wuta, na wuce wata masana'anta da ƙarafa ke faɗowa daga sama. Na kayar da wani mai hannun ƙarfe da ya daɗe yana mayar da ni farko. Daga nan sai ga wata doguwar hasumiya, ana hawa, ana hawa, gari ya koma ƙananan fitilu a ƙasa. Ina jin numfashin Baba a bayana, ban waiga ba. Rai ɗaya ya rage mini lokacin da na iso wani wawakeken rami tsakanin rufi biyu, wanda ya fi duk na baya faɗi. Na ja da baya, na sheƙo da gudu, na danna tsalle. Mai Alkyabba ya tashi, mayafinsa ya buɗe.

"Salamu alaikum."

Muryar Baffa ce daga bakin ƙofa. Yatsuna ba su yi shawara da ni ba, suka buɗe. Hannun gem ya faɗi a kan bargon Baba, ni kuma na sauka ƙasa na durƙusa. Na amsa sallama, na ce Baffa ina kwana, an zo lafiya, ya ruwa. Kunnena yana jiran kiɗan mutuwa, bai zo ba. Kiɗan ma gaba ɗaya ya ɗauke, ba abin da ake ji sai ɗigar ruwa a tasa. Baffa ya amsa ta farko, bai ci gaba ba. Na ɗaga kai na ga ba ni yake kallo ba, yana tsaye da lema a hannu tana zuba, ya ƙura wa talabijin ido.

Na waiga. Mai Alkyabba yana tsakiyar ramin, a sama, ƙafa ɗaya gaba, mayafi a buɗe. Bai faɗi ba, bai haye ba, ya tsaya cak kamar riga a ƙusa. Na ce shi ke nan, abin da Yaya ya faɗa ya faru, ya ƙone. Sai na ga hannun gem ɗin a ƙirjin Baba. Ya damƙe shi da hannun hagu irin damƙar da yake yi wa igiya a kara, jijiyoyi sun fito, wayar ta miƙe tsakaninsa da akwatin.

Na yunƙura zan tashi in karɓa kafin hayaƙi ya fito. Baba ya yi wani gurnani da na sani tun ina yaro, wanda ba ya bukatar fassara, na koma na durƙusa. Bakinsa ya yi ta motsi, yawu yana bin gefen da ya karkace. Tun da aka dawo da shi daga Kano ba mu ji kalma ɗaya daga gare shi ba. Maganar ta fito a jaye, da ƙyar, amma ni da Baffa duk mun ji.

"Gama. Na riƙe."

Baffa ya jingine lemar a bango a hankali. Ya zauna a kan tabarmar da ta jiƙe bai kula ba. Ya dubi ƙanensa, ya dubi mutumin da ke rataye a gilashi, ya sa gefen rawaninsa ya share ido. Sannan ya juyo gare ni.

"To ka ji ubanka. Ɗauko daga farko."

Na ɗauko daga farko. Ban taɓa yin gaisuwa mai tsawo irin ta ranar ba. Baffa ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, ya tambayi Inna da yara da gero a gona. Ya tambayi mai jiki, na ce da sauƙi, wannan karon har cikin raina. Kunnena bai koma baya ba. Sai da ya ce madalla, Allah ya yi albarka, sannan Baba ya miƙo mini hannun gem, yatsunsa suna ƙin buɗewa sai da na taimaka.

Na karɓa ban san abin yi ba. Na danna tafiya, shiru. Na danna tsalle, na danna naushi, mutum yana nan a rataye. Ba abin da ya rage sai ɗan madannin da aka hana ni. Na yi bisimilla, na runtse ido ɗaya, na danna. Kiɗa ya dawo, Mai Alkyabba ya ci gaba da tsallensa daga inda ya tsaya, ni kuwa mamaki ya shagaltar da ni ban tura shi gaba ba. Ya zo gab da bakin rufin ya sulluɓe ya tafi ƙasa. Kiɗan mutuwa ya tashi, aka mayar da mu titin farko. Baba ya yi gurnani. Baffa ya girgiza kai ya ce shi dai ya gani da idonsa, lafiya lau aka miƙa mini mutum, ni na sake shi.

Ya ba Baba rubutunsa, ya yi addu'a, ya ɗauki kwalbar makon jiya da lemarsa. Kwalin yana nan a bakin ƙofa, ya tsallake shi ya fita. A zaure ya ce mini in an kira salla a kashe, kuma a rage kiɗan. Bai sake tada maganar ba.

Tun a ranar na gane abin da ya faru. Damƙar Baba ce ta sauka a kan ɗan madannin, shi kuwa aikinsa ke nan, ya tsayar da wasa har mutum ya dawo. Duk kisan da gaisuwa ta yi wa Mai Alkyabba, maganin yana ƙarƙashin yatsana ina zagaye shi. Da Legas kusa ce da Yaya ya ji baƙar magana. Wanda ban gane ba har yau shi ne Baba. Ko son wasan yake, ko ba zai iya jure ganin ɗansa yana gaisuwa da rabin zuciya ba, ko kuwa dillali ne kawai da ya ga an saki igiya dabba za ta faɗa rami. Maganarsa ba ta dawo sosai ba, yau kalma ɗaya, gobe babu, ban ɓata ko ɗaya a kan wannan tambayar ba. Mai Alkyabba ma ban taɓa sanin ko ɓarawo ne ba. Batir yakan mutu kafin mu kai ƙarshen hasumiyar, hoto ya yi ta tsukewa har ya ɓace.

Ban gaya wa Baba labarin madannin ba. Ya ƙara ganin wata daminar kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma a duk zaman nan, da an yi sallama yakan riga ni, ya buɗe tafin hannunsa na hagu a kan bargo. Ni kuma in ɗora masa hannun gem ta yadda babban yatsansa zai sauka daidai kan ɗan madannin, in jira in ji kiɗa ya ɗauke, sannan in durƙusa in gaida mutane da hannu biyu a sake.